Ƙotar Hauren Giwa a Shagon Baba Bakur

Ban gane an yaudare ni ba sai da aka zuge ƙofar sito na ga kwalayen dabino jibge har rufi. Mutumin da ya ɗauko mu daga filin jirgin Jidda ya nuna su da haɓa, ya nuna motar da ke jira a bakin titi, ya ce, "Yalla," wato mu fara. Kalmar Larabcin Makka ta farko da na koya ke nan.

Sunana Habibu. A Kano aka haife ni, a gidan masu sassaƙar ƙaho. Kakana ƙotar wuƙa yake yi, mahaifina ya ƙara da matsefi da carbi, ni kuwa na tashi na tarar roba ta cinye kasuwar duka. Shi ya sa da wani ejan ya ce ana neman masassaƙi a wata masana'antar carbi a Makka, ban tsaya dogon bincike ba. Har hannuna ya kama ya jujjuya, ya ce irin wannan hannun ake nema. Ta wani ɓangaren gaskiya ya faɗa. Hannun ake nema, amma don dako. Da na kira lambarsa daga Makka, na ji ta a kashe, kuma har yau ba a kunna ta ba.

A unguwar Jarwal aka ba mu masauki, a wani tsohon bene da alhazai suka daina kamawa. Gado kan gado muke kwana, ni da 'yan Bangladash da wani Bayamane mai yawan tari. In ka leƙa ta taga ka miƙa wuya, kana hango hasumiyar agogo. Nakan ce wa kaina, mutane gona suke sayarwa don su zo nan, kai ga ka kwance a maƙwabtan Ɗakin Allah, me kake wa ƙorafi? Amma zuciya ba ta jin wa'azi in tana kewar tuwo da miyar kuka. Da na kira matata Rabi na gaya mata halin da nake ciki, sai ta ce, "To ai dabinon Makka ne. Ka riƙa ɗauka da bisimilla." Na yi dariya, ina kashe wayar kuma hawaye suka zubo.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne hannuna. Igiya da bakin kwali suka tsattsage mini yatsu, tafin ya yi kanta kamar ƙafar raƙumi. Masassaƙi da yatsunsa yake ji, in suka mutu shi ke nan. Wani dattijo ɗan Bangladash da ke kwana a gadon da ke ƙasa da nawa ya lura da yadda nake duba hannun kullum. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. Wata rana na dawo na tarar da safar hannu a kan matashina, tsohuwa amma wankakkiya. Na dube shi, ya kawar da kai kamar ba shi ba.

Kayan aikina suna nan ƙarƙashin katifa, ƙulle a wani tsohon zanen Rabi. Don kada hannun ya manta, sai na fara tsince ƙwallon dabino a sito, in wanke, in busar. Ranar Juma'a da ba mu aiki in zauna in huda su, in yi wa kowanne zayyana da bakin ƙaramar wuƙa. Da haka har na haɗa carbi guda.

Wannan carbin ne ya kai ni unguwar Hindawiyya.

Bayan sallar Juma'a nakan gangara Misfala, inda Hausawa ke sayar da tsire, ba don in saya ba kullum, sai don in ji ana Hausa. Ina tsaye ina jan carbi sai na ji an kama ɗaya bakinsa. Wata tsohuwa ce cikin baƙar abaya, gajeruwa, da ledar cefane a hannu.

"Ɗana, ina kas sami wanga?"

Na ce, "Ni na yi, Hajiya."

Ta ɗaga shi sama ta duba, ta dube ni daga kai har ƙafa. "Ka ci abinci?"

Na ce na ci.

"Ƙarya kake. Riƙe ledar nan. Taho."

Haka Hajiya Zainabu take. Ba ta tambayarka ra'ayinka. Ta tsayar da tasi, ta yi wa direba Larabci kamar ruwa, muka bi ta wasu lunguna masu cunkoso har muka tsaya bakin wani ɗan shago da ke manne da gida. Ciki wuƙaƙe ne masu lanƙwasa irin waɗanda Larabawa ke ɗaurawa a ciki, da takubban da ake rawa da su a biki, rataye a bango. A tsakiya wani dogon tsoho na zaune a kan darduma, ya juya fuska wajen ƙofa, idanunsa fari fat da yana.

"Bakur, ga baƙo na kawo maka. Miƙo hannunka."

Ta saka masa carbin. Ya bi ƙwallayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ya kai ƙarshe. Sannan ya ce, "Wanga hannun ya san ƙaho. Mi ya kai shi ga dabino?"

Na ba shi labarina. Ya girgiza kai. "Baƙo makaho na, ko da idonai buɗe. To zamna, ɗan Kano. Mun zama makahi biyu."

Sunansa Abubakar, amma duk unguwar Ammu Bakur suke kiransa, wato Baffa Bakur. Ni Baba na ce masa tun ranar. A Makka aka haife shi. Mahaifinsa maƙeri ne Basakkwace da ya taho aikin Haji a ƙasa ta Sudan, bai koma ba. Baba bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma Hausar mahaifinsa ce a bakinsa, tsohuwar Sakkwatanci wadda ni kaina sai na kasa kunne nake gane wasu kalmomin, ga Larabci yana tsoma baki a tsakiya. Ya ce alhazan yanzu dariya suke masa, wai yana magana kamar wanda aka tono. Sana'arsa gyaran ƙota da kube. Tun da yana ta rufe masa ido aikin ya tsaya, sai ɗan abin da yatsu za su iya a makance. An yi an yi ya je asibiti a cire, ya ƙi. Wani amininsa ya shiga ɗakin tiyata don wani ciwo dabam bai fito ba, tun daga nan Baba ya ce shi da likita sai a lahira.

Ran nan na ci shinkafa da miyar kuɓewa har na ji kunya. Daga nan kowace Juma'a Hindawiyya nake wuni. Baba ya lalubo aiki ya miƙo mini, ya ce ga abin da ke damunsa, ni in gyara, shi ya bi da yatsa. In bai yi masa ba ya ce, "La, la. Sake." In ya yi masa, ba ya yabo, sai dai ya ɗaga murya ya ce, "Zainabu, ƙaro mai shayi."

Ɗansu Majid direban motar asibiti ne, mutum mai kirki amma mai gajen haƙuri. Hausarsa gutsure-gutsure ce. Shi so yake a rufe shagon a ba masu sayar da waya haya, tsohon ya huta. Hajiya ce ta dage a kan a maido takarduna na aiki daga hannun mai sito zuwa shagon, in zama ma'aikacinsu. Majid ya ce shagon da ba ya aiki ba ya ɗaukar ma'aikaci. In wani aikin kirki ya shigo aka gama shi lafiya, to, zai duba.

Aikin ya shigo wata Juma'a da la'asar, a hannun Ustaz Faisal, wani malamin makaranta da ya yi ritaya. Gidansu tun kakanni masu saukar alhazai ne, kuma duk takubban bikin danginsu Baba ne ke gyarawa. Ya zauna, aka sha shayi, sannan ya kwance wani ƙyalle mai laushi ya fito da wani gajeren takobi miƙaƙƙe.

Ban taɓa ganin abu irin ƙotarsa ba. Hauren giwa ne, tsufa ya mai da shi ruwan zuma. Tsawonta bai wuce tafin hannu da kaɗan ba, amma an zuba mata mutane da dabbobi da itatuwa kamar kasuwa.

Ustaz ya yi bayani, Baba yana juya mini da Hausa. A ƙasar Jamus aka yi shi, shekaru ɗari uku da wani abu da suka wuce. Irinsa sarakunan can ke ratayawa in za su farauta, kuma masu sassaƙar hauren giwa na zamanin gasa suke wajen zuba tatsuniyoyin mutanen da a jikin ƙota. Wani alhaji daga ƙasashen Turkawa ne ya bar wa kakansa shi kyauta. Mahaifinsa ya ƙulle shi a akwati saboda surorin da ke jiki, ba a sake fito da shi ba. Yanzu ɗansa zai yi aure, yana son ya ba shi abin kakanninsa, amma ba zai sa a shiga sabon gida da surori ba.

"Ya Ammu Bakur, a goge su. A mai da ƙotar sumul."

Baba ya karɓi takobin. Na ga yatsunsa sun fara tafiya, sai suka tsaya, suka koma baya, suka sake farawa a hankali. Fuskarsa ta canza.

"Habibu, zama idona. Hwaɗa min abin da kag gani."

Na matso. "Baba, akwai wata mata a cikin ruwa, da jinjirin wata a goshinta. Ga kwari da baka ta rataye a reshe."

"Mi take yi cikin ruwa?"

Na saci kallon ƙofar cikin gida, inda na san Hajiya tana tsaye tana ji. Na rage murya. "Wanka take."

"Ɗaga murya, ɗan Kano, kunnena ma ya tsuhwa."

"Wanka take, Baba! Wasu mata suna ƙoƙarin kare ta da mayafi."

Daga bayan labule muka ji Hajiya ta ce, "A'uzubillahi." Ustaz ya rufe baki yana dariya.

Na juya ƙotar. A ɗaya gefen wani saurayi ne, maharbi. Ƙaho ya tsiro masa a ka, mai rassa kamar itace. Hannunsa ɗaya na mutum ne, ɗayan ya fara zama kofato. Karnuka sun yi masa caa, ɗaya ya kafa haƙori a cinyarsa, wani ya dafe masa baya. An sassaƙa su da zurfi har za ka iya zura zare ta bayan ƙafar kare ya fito ta ɗaya gefen. Ana ganin haƙarƙarinsu. Ana ganin jijiyar wuyan saurayin.

Ustaz ya ce ai tatsuniyar ke nan. Maharbin ya ɓata a daji, ya faɗo inda matar ke wanka ba da niyya ba. Ita kuwa a wajen mutanen zamanin da, abar bautarsu ce ta farauta. Ta watsa masa ruwa ya rikiɗe ya zama barewa, karnukansa da ya rena da hannunsa suka kasa gane shi, suka cinye shi.

Baba ya sake bin ƙotar da yatsu. Sannan ya ce wa Ustaz ya bar takobin, a ba shi lokaci.

Juma'ar da ta biyo baya Majid yana nan. Ya ce ga aikin da ake jira ya zo, mai sauƙi ma, gugar rabin yini. Baba ya ce, "Ɗauko magagari, Habibu."

Na ɗauko. Ni ma fa ba wai hankalina ya kwanta da surorin ba ne. Mahaifina ko tsuntsu bai taɓa bari mun sassaƙa ba, zayyana kawai muke yi, kuma a kan haka na tashi. Ga takarduna, ga sito, ga Rabi da 'yarmu suna jira. Na ɗora magagarin a kan jelar kare na ƙarshe, inda ɓarnar za ta fi ƙanƙanta. Sai na lura da gashin jelar. Ɗaya bayan ɗaya aka ja su, kowanne da inda ya karkata. Na san abin da wannan ke ci. Na san yadda wuya ke ƙagewa, yadda mutum ke riƙe numfashi kada hannu ya goce. Wani bawan Allah da ban san sunansa ba ya zauna a cikin sanyin ƙasarsu ya ba wannan jelar kwanakinsa.

Na ajiye magagarin. "Baba, ka yi haƙuri. Hannuna ya ƙi."

Majid ya miƙe. "Kai fi aiki, kai ma tabga aiki? Halas! Abuya, a rufe dukkan." Wato ga aiki na ƙi yi, shi ke nan, mahaifinsa ya rufe shago. Ya ci gaba da Larabci da sauri, ban ji duka ba, amma na gane ya ambaci sito. Na sunkuyar da kai. Na riga na ga kaina ina komawa Jarwal da ƙullin kayan aikina.

Baba ya bari ya gama. Sannan ya ce, "Da ya goga, da ni zan kore shi." Ya juya wajen ɗansa. "Ya waladi, ba mu munka yi ta ba, ba mu bauta mata, wa iyazu billahi. Amma hannun da yay yi wanga aiki, wa ya ba shi? Ni ban iya ɓata shi. Kuma Faisal na da gaskiya tai, ba a kai ma ango surori."

"To yaya ke nan?" in ji Majid.

Sai ga Hajiya ta shigo da tiren shayi, ta dire shi da ƙarfi har kofuna suka yi ƙara.

"Maza ukku kun zamna kuna ta hayaniya kan mace na wanka. Ku sa mata tufa mana! Wa ya ce sai an kashe mutum kan a suturta shi?"

Muka dubi juna. Baba ya fara dariya, irin dariyar da ke girgiza kafaɗu, har ya yi tari.

Dangin mahaifiyata dukawa ne, na iya ɗinkin fata tun ina ƙarami. Na ce za a iya yi wa ƙotar riga ta fata, a yi mata shafi mai laushi daga ciki, a ɗaure ta da tsarkiya ta baya. Wanda ya riƙe takobin fata zai gani, fata zai taɓa. Abin da ke ciki yana nan yadda mai shi ya bar shi. Aka kira Ustaz aka gaya masa. Ya ce a ba shi kwana biyu ya yi tambaya. Da ya dawo ya ce ya tambaya, zuciyarsa ta natsu, a yi. Har ya ƙara da cewa shi ma tun da ya bar takobin bai ji daɗin ransa ba, don yana yaro yakan saci buɗe akwatin ya kalli karnukan.

Ustaz na fita Baba ya ce, kamar mai magana da kansa, "Kahin a ruhe ta, ina son in gan ta."

Hajiya ta dafa bango.

Majid ya ce, "Abuya, esh gult? Me ka ce?"

"Ka jiya. Yatsu sun ba ni labari, Habibu ya ba ni labari. Ina son in gani da idona. Kai ni ga likitan naka."

Shekaru Majid yana roƙon wannan kalmar. Bai tsaya neman takalminsa na biyu ba, da ɗaya ya fita yana danna waya. Da ya dawo ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara, yana cewa, "Ya akhuya, ya akhuya," wato ɗan'uwana. Ni da ban yi komai ba sai ƙin aiki.

Aka sa ranar tiyata dab da bikin, har muna tsoron kada lokaci ya ƙure. Majid da kansa ya je ya sami mai sito, aka fara maganar takarduna, aka kuma ba ni izinin wuni a shago. Na fara da wata tsagewa da ke gefen ƙotar. Hauren giwa yanzu ba abin saye da sayarwa ba ne, don haka da ƙashin raƙumi na cike ta, na jiƙa shi a ruwan shayi har launinsu ya zo ɗaya. Akwai reshe ɗaya na ƙahon maharbin da ya karye tun da daɗewa. Na tambayi Baba ko in mayar. Ya ce, "A'a. Ba mu rage mai, ba mu ƙara mai."

Fata ce ta ba ni wahala. Duk wadda na samo a kasuwa Baba ya murza ya ce kwali ce. Na yi ta yawo a Misfala ina tambaya, har aka kwatanta mini wata mata 'yar Chadi mai sayar da turare da kayan gida. Ta shiga ƙuryar ɗakinta ta fito da jar fatar akuya guda, jemammiya, wadda wani alhaji ya bar mata. Da na kawo, Baba ya murza ta, sannan ya kai ta hanci. Ya daɗe a haka.

"Bagaruwa," in ji shi. "Haka jikkar babana ke ƙamshi." Bai ajiye ta ba har aka kira magariba.

Ranar tiyata ni da Majid muka kai shi. A mota ya kama hannuna ya riƙe gam, tafinsa sanyi ƙalau, yana ta salati. A bakin ɗakin ya ce mini, "In ban hito ba, kada ka bari Majid shi sai da magagaraina ga masu gwangwan." Na ce zai fito. Ya ce, "Kai likita na?" Ko awa ba a yi ba aka turo shi a keke, ido ɗaya a rufe da auduga, yana faɗa wai an yi masa wayo, bai ma san an fara ba.

Washegari da safe likita ya cire audugar. Baba ya ƙi buɗe idon sosai a asibiti, ya sa baƙin tabarau, ya ce a kai shi gida. A shago ya zauna a kan dardumarsa, ya sa aka rage hasken ƙofa, sannan ya cire tabarau. Ya yi ta ƙifce-ƙifce, hawaye na zuba. Wadda ya fara gani Hajiya ce, tana tsaye a gabansa ta harɗe hannu.

"Zainabu," in ji shi. "Kin tsuhwa."

"Da ka bar yanarka, da har yau ina yarinya."

Ta faɗa tana dariya, amma da bakin mayafi take share ido. Ya miƙa hannu ya kama nata, a gabanmu, abin da ban taɓa gani ba. Majid ya juya yana duba bango.

Sannan Baba ya dubo ni. Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai na Habibu? Ashe ɗan mitsitsi na kai! Ni da nike jin murya na aza wani ƙato na."

Na miƙa masa takobin. Ya kai shi kusa da fuska, ya nisanta, ya sake matsowa da shi. Ya wuce matar da sauri, yana cewa astagfirullah. A kan maharbin ya tsaya.

"Ba ka hwaɗa min bakinai buɗe yake ba."

Na duba. Gaskiya ne, leɓunan a buɗe suke kaɗan, ban kula ba.

"Kiran su yake," in ji Baba. "Sunayensu yake kira." Ya shafa kan karen da babban yatsa. "Allah Sarki. Wanda yay yi wanga ya taɓa kiyon kare, kuma ya taɓa jin tsoro." Ya miƙo mini. "To, na gani. Ruhe ta."

A gabansa na saka rigar. Ja ce, da zayyanar baƙi da kore irin ta gida, ta zauna wa ƙotar ɗas. Yana kallo na ja tsarkiya na ƙulle. A karon farko ya ga aikina da ido. Ya jujjuya shi, ya taɓe baki, ya ɗaga murya ya ce, "Zainabu!" Ta ce ta sani, shayin na kan wuta.

An yi biki, ango ya yi rawa da takobin Jamus mai rigar Hausa, mutane suna ta tambayar inda aka yi ƙotar. Takarduna suka dawo shagon. Na kwashe kayana daga Jarwal, na bar wa dattijon nan ɗan Bangladash wani matsefi da na yi masa da ƙashin raƙumi. Na zauna a Hindawiyya shekaru, a wani ɗaki a saman gidansu, ina cin abincin Hajiya ina shan faɗanta. An yi wa Baba ɗaya idon, ya koma aiki, ya koma cewa "La, la. Sake," yanzu kuma da hujja.

Da na sami hutu na zo gida, bayan na huta na ga dangi, sai wata safiya na ce wa Rabi zan je Sakkwato. Ba wanda ya aike ni. Na hau mota, na sauka, na yi ta tambaya har aka kai ni tsohuwar unguwar maƙera. Ban sami wanda ya tuna mahaifin Baba ba, abin ya daɗe. Na tsaya a bakin wata rumfa na kira Majid ta bidiyo, na ce ya ba Baba.

"Ɗan Kano, ina kake haka? Wanga ba Kano ba ta."

Na juya wayar na nuna masa titin. Ba wani abin kallo ba ne. Katangar ƙasa, jajayen awaki suna cin ɓawon rake, wata mata da ƙwaryar fura a ka, ƙarar guduma daga maƙera. Na ce, "Baba, garinku ne."

Ina jin numfashinsa kawai.

A cikin rumfar akwai wani tsoho tukuf yana zaune a kan buzu yana kallona. Ya ce, "Yaro, da wa kaka magana?" Na ce da wani Basakkwace ne a Makka. Ya ce in matso. Na durƙusa na saita musu wayar, fuska da fuska.

"Salamu alaikum. Kwana lahiya?" in ji tsohon.

"Lahiya lau," in ji Baba. "Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Ina gida? Ina ɗiya?"

"Lahiya suke. Ina hama da jama'a?"

"Mun gode Allah. Kai ɗan wane gida na?"

Baba ya fara faɗa, tsohon yana gyaɗa kai yana cewa, "Awo, awo." Ba wanda ya yi wa wani dariya, ba wanda ya ce a maimaita. Daga gaisuwa suka shiga zancen ƙira, daga ƙira suka shiga zancen damina, kamar waɗanda suka rabu jiya. Rana ta taso ta same ni a durƙushe. Hannuna ya gaji, na mayar da wayar ɗaya hannun a hankali yadda ba za ta girgiza ba, na bar su suna ta hira.